Ka Bar Uwar Kifi A Ruwa: Nasihar Baffa Ga Sabon Masunci A Lagdo

Ɗana, mahaifinka ya shaida mini cewa ka haɗa ɗan abin da ka tara ka sayi kwalekwale da kalli, kana shirin sauka Lagdo da zarar an buɗe ruwa. Na yi murna ƙwarai. Su sana'ar gidanmu ce, da ita aka ciyar da mu aka tufatar da mu, kuma wanda ya riƙe ta da gaskiya ba ya kwana da yunwa. Ni dai hannuna ya daina jan raga, abin da ya rage in taimaka maka da shi magana ce. Ka karanta a natse, abin da ka ga na ɗauka ne ka ɗauka.

Fara da sanin ruwan da za ka ci abinci a cikinsa. Tafkin Lagdo ya girme ka, amma ni na girme shi. Sinawa ne suka gina madatsar daga 1977 zuwa 1982, a wurin da kogin Binuwai ke kutsawa tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Aka kafa injina huɗu masu ba da megawat 72, domin Garwa da Marwa da Ngaundere su sami wuta, a kuma yi noman rani a ƙasan madatsar. Ruwan da aka tare ya koma da baya ya shafe fili mai faɗin murabba'in kilomita 586. Daji da gonaki da kufan ƙauyuka duk suna nan ƙarƙashin inda za ka riƙa tuƙa jirginka. Waɗanda suka tsara aikin, wuta da shinkafa suka sa a gaba. Kifi kuwa Allah ne ya ƙaro mana shi.

Shekarun farko ba a magana. Ciyawa da ganye da itatuwan da ruwa ya haɗiye suka ruɓe, ruwan ya yi taki, ƙananan halittun da kifi ke ci suka yawaita, kifi ya hayayyafa ba mai damunsa. Labari ya bazu daidai lokacin da fari ya matsa wa jama'a. Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye bayan farin 1973 da na 1984, ya bar masunta a kan busasshiyar ƙasa. Sai ga Musgum da Masa daga bakin Logon, ga Kotoko, ga Kabawa da Jukunawa da sauran 'yan'uwanmu daga Najeriya, ga mutanen Mali da gurarsu. Tsibirai suka cika da bukkoki, kasuwar Jipporde ta tashi, motoci suka riƙa lodin banda zuwa Najeriya da kudancin Kamaru.

Wannan yalwa ba ta ɗore ba, kuma ba a Lagdo kaɗai aka ga haka ba. Kainji, da aka tare a 1968, ta yi irin wannan tashe, kafin a yi shekara goma kamu ya faɗi. Halin sabon tafki ke nan: in takin farko ya ƙare, ruwa yakan koma daidai ƙarfinsa. Wannan ba laifin kowa ba ne. Inda hannun ɗan Adam ya shigo shi ne, da kifi ya ragu jirage ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Wanda ya ga kallinsa mai yatsa huɗu ya daina cika sai ya sayo mai yatsa uku. Na kusa da shi ya sayo mai yatsa biyu. A ƙarshe har aka kai ga su da gidan sauro. Kowa hujjarsa ɗaya: in ban kama ba wani zai kama. Kwandon da a da 'yan kifi ƙalilan ke cikawa, yau sai an tula abin da ba ya ƙirguwa.

Saboda haka, in ka manta da duk abin da zan faɗa, ka riƙe wannan. Masunci na ƙwarai ana gane shi da abin da ya fitar daga ruwa, ana kuma gane shi da abin da ya bari a ciki. Abu uku ake bari: mai ƙwai a lokacin ƙwanta, ƙarami har ya girma, da babbar uwa. Manomi, komai tsananin bazara, ba ya kwance damin iri ya kai a daka. To waɗannan ukun su ne irinmu.

Dubi abin da ke faruwa in damina ta sauka. Ruwan Binuwai da na Mayo Rai suna shigowa jajaye, tafki ya hau ya rufe ciyawar gaɓa. Tarwaɗa da ramboshi sukan bi sabon ruwa da dare, su shiga inda bai wuce gwiwa ba, su zuba ƙwai a jikin ciyawa. Bargi yakan share wuri a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa, iyayen su tsaya gadi, in 'ya'yan sun fito su riƙa tafe da su a dunƙule. Yauni ma sheƙa yake yi mai yawo a saman ruwa, kuma ba ya barin kowa ya matso. Karfasa kuwa, namijin ke haƙa ɗan gurbi a yashi, macen ta kwashe ƙwan a bakinta, ta yi kwana da kwanaki ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fito, da sun ji motsi bakin uwar suke komawa. Duk wanda ya taɓa buɗe bakin karfasa ya ga ƙwai ya zubo masa a tafin hannu ya san abin da nake nufi. Kifin da ka kama a wannan hali ba guda ɗaya ka kama ba. Kuma a lokacin ne ya fi sauƙin kamu, domin ya bar zurfi ya zo gaɓa, hankalinsa na kan 'ya'yansa.

Dalilin da ya sa ke nan kowace shekara, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, hukuma take rufe su a Lagdo, jami'an ma'aikatar kiwo da kamun kifi su riƙa zagayawa. Za ka ji masu cewa, “Kifi na Allah ne, ba ya ƙarewa, dokar 'yan boko ce kawai.” Kada ka tsaya musu da su, amma kada ka bi su. Allahn da ya halicci kifi shi ya sanya masa lokacin haihuwa, shi ne kuma ya hana mu ɓarna da almubazzaranci. Batun 'yan boko kuwa, ai kakanninmu sun riga su. A ƙasar Kabi, gurbin Matan Fada a rufe yake, ba mai jefa homa sai ranar da aka ba da izini. Shi ya sa bikin Argungu, tun daga 1934, yake fitar da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru suke ɗagawa. A garuruwan Hausa da yawa tafki ba ya buɗuwa sai sarkin ruwa ya ce an buɗe. Masu saɗaɗawa da dare suna ganin wayo suka yi, sun manta da karin maganar sana'arsu: kifi na ganinka, mai jar koma. In jami'i bai gan ka ba, maƙwabcinka da ya ɗaure jirginsa ya haƙura ya gan ka, kuma haƙƙinsa ka ci.

Na san wata uku ba wasa ba ne ga mai iyali. Maganinsa shi ne a fara shiri tun ranar da aka buɗe ruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A watannin da kamu ke da auki, ka riƙa cire wani abu daga cinikin kowace kasuwa ka zuba a adashi, ko ka sayi buhun masara tun tana araha, ko 'yar akuya. Ka nemi gona, ko ta aro ce. Watannin da aka hana su su ne watannin noma, masara da gyaɗa kuwa ba sa jiran kowa. A cikinsu ne kuma za ka fitar da jirgi ka toshe inda yake yoyo, ka ɗinke kalli, ka sake ɗaurin ƙugiyoyin mamari. Akwai samari a Garwa yanzu da ke kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na leda a bayan gida. In ka sami hali ka koya, domin kifin kiwo a wannan lokacin yake daraja, tunda na tafki ba ya shigowa kasuwa.

Sai batun idon raga. Mu da yatsa muke awo, kai ma ka sani. Ka tambayi jami'ai abin da doka ta yarda da shi, in za ka iya ka ƙara a kai, amma kada ka rage. Ɗan giwan ruwa mai taƙi ɗaya da ka gani a cikin ciyawar gaɓa bai taɓa haihuwa ba, kuma da sauransa kafin ya kai. In ka kwashe shi da irinsa ka cika kwano, nawa za a ba ka? Icen da za ka ƙona wajen bandarsa ya kusa cinye kuɗin. Da ka bar shi ya shekara biyu ko uku, shi kaɗai zai fi kwanon nan tsada, ga shi kuma ya bar baya. Lissafin ƙaramin ido ko a kasuwa bai fita ba, balle a wurin Allah. Abin da ke sa mutane yinsa gaggawa ce da tsoron wani ya riga su, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Ka nisanci tarun da ake ja zuwa gaɓa yana sharar ƙasa. Shi ba ya zaɓe: yana rushe gurbin karfasa, yana tumɓuke ciyawar da 'ya'yan kifi ke ɓuya, abin da aka kwasa a kwashe, sauran a bar wa rana da tsuntsaye. Haka jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan a bakin rafi, a toshe hanyar da kifi ke bi ya hau ya sauko. In za ka sa gura, ka bar ƙofa. Ragar roba kuma, wadda ba ta ruɓewa, in ta maƙale a itacen ƙarƙashin ruwa kada ka yanke ka tafi abinka matuƙar akwai yadda za a ciro ta. Tana nan tana kamu wata da watanni, kifi na mutuwa a cikinta, ba wanda ya ci ba wanda ya sayar. Tsummanta ma ka kawo tudu, kada ka watsa a ruwa.

Yanzu ga maganar da ta fi wuyar haɗiya, maganar babbar uwa. Giwan ruwa, wanda masu otal a Garwa ke kira kapiten, yana iya kusan mita biyu a tsawo, nauyinsa ya doshi kilo 200. Mafi yawan waɗanda suka kai girman ban mamaki mata ne, kuma babbar mace guda tana ɗauke da ƙwai miliyoyi. Shekaru ta yi tana tsallake ƙugiya da raga kafin ta kai haka. Ranar da ta faɗo hannunka, kowa a bakin ruwa zai taru ya yaba, kuɗinta kuma zai biya maka buƙatar wata guda. Ba zan ce maka haramun ba ce, kuma na san halin mai iyali. Amma in ta zo da rai, cikinta ya cika da ƙwai, kai kuma ba yunwa ta kore ka daga gida ba, ka zare ƙugiyar ka sake ta. In kuwa ba ka iya ba, aƙalla kada ka mai da farautar irinta sana'a a wuraren da ka san suna taruwa. Tafkin da manyan giwan ruwa suka ƙare a cikinsa ya fara tsufa, domin kasancewarsu ita ce shaidar cewa na ƙasa da su ma suna nan da yawa.

Kada ka ɗauka tsufa ne ya sa baffanka sambatu. A tafkin Biktoriya, inda Uganda da Kenya da Tanzaniya ke cin arzikin giwan ruwa suna sayar wa Turai, sai da aka kafa ƙa'idar cewa wanda bai kai santimita 50 ba a bar shi, wanda ya haura 85 ma a bar shi: na farko yaro ne, na biyu uwa ce. A tafkunan Amurka da Kanada kuma, inda suke kamun nasu mafarautan kifin da fatsa, irin su bas da walai da faik, mutum da abin awo yake shiga jirgi. Kowane tafki da adadin da aka yarda ka tafi da shi gida, da tsawon da in kifi ya faɗa cikinsa dole ka mayar, a wurare da yawa kuma ana rufe kamu lokacin ƙwai. Waɗancan galibi nishaɗi ya kai su, mu abinci muke nema, wannan gaskiya ne. Amma wanda cikinsa ya dogara da ruwa ai shi ya fi cancanta ya tsare shi.

Abin da zai raba ka da ƙaramin ido shi ne sanin ruwa, kuma shi nake so ka sa wa ƙwazo. Giwan ruwa ba ya son wahala. Yakan laɓe a gindin dutse, ko jikin itacen da ruwa ya shanye, ko bakin tsohuwar hanyar kogi inda ƙasa ta gangara zurfi, ya jira abinci ya zo wucewa. Da asuba da faɗuwar rana yake tasowa farauta, da rana tsaka ya koma ƙasa. Koto mai rai yake so, 'yar ƙawara ko 'yar tarwaɗa, ka ɗebi iya na ƙugiyarka kawai. Tsage kuwa ruwa mai gudu yake bi, wajen da rafuka ke shigowa, kuma haƙoransa na datse zare, sai ka sa waya a gaban ƙugiya. Ƙurungu da ragon ruwa na ƙasa ne, da dare suke kiwo. Ka riƙa duban tsuntsaye: inda suke shawagi suna faɗawa, ƙananan kifi ne suka taso sama, ruwa kuwa ba ya tsami banza, akwai mai korarsu daga ƙasa. Duk inda ka dace, ka sa alama da duwatsun gaɓa, ka riƙe watan da tsayin ruwan. Ka zauna kusa da tsofaffin Musgum da Kabawa, ka taya su gyaran raga, bakinka a rufe kunnenka a buɗe. A kogin Faro, nan kusa da mu, baƙi na tahowa daga ƙasashe masu nisa su biya kuɗi mai yawa don su kama tsage da giwan ruwa da fatsa, su ɗauki hoto su sake su. Wanda ya san maɓuyar kifi, iliminsa ma abin sayarwa ne.

Guba kuwa, ɗana, ko da wasa. Maganin ƙwarin auduga da wasu ke zubawa a lungun ruwa ba ya tambayar babba ko ƙarami, kuma daga cikin kifin yake wucewa cikin wanda ya ci, wataƙila ɗan maƙwabcinka, wataƙila naka. Shanun Fulani a ruwan nan suke sha, mata a nan suke ɗiba. Dokar Kamaru tun ta 1994 ta hana su da guba da nakiya, amma ko babu doka, wannan kisan kai ne a ɓoye. Haka masu fesa maganin ƙwari a kan banda don kada ta yi tsutsa. In ka gasa kifi ya bushe sosai, ka ajiye inda iska ke shiga, ka riƙa mai da shi kan wuta lokaci lokaci, ba ka buƙatar wannan.

Wani zai ce maka ai ruwan ya riga ya lalace, haƙurinka kai kaɗai me zai gyara? Ka ba shi labarin Logon. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwar bakin kogi saboda noman shinkafa, ambaliyar da ke shiga fadamun Waza ta ragu, ciyawa ta mutu, kifi ya ɓace, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka mai da ambaliya wani sashen fadamar. Ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka dawo. Ka ƙara masa da na tafkin Red Lake a jihar Minesota ta Amurka, inda kifin walai ya kusa ƙarewa saboda yawan kamu. A 1997 'yan asalin wurin, ƙabilar Ojibwe, waɗanda da kifin suke ci suke sha, su da kansu suka dakatar da su na sayarwa. A 1999 suka yi yarjejeniya da hukuma aka hana kama shi gaba ɗaya, aka zuba 'ya'yan kifi. A 2006 aka sake buɗewa, tafkin ya cika. Shekara tara suka jure, mu wata uku ake roƙonmu. Ruwa yana warkewa in an ɗaga masa ƙafa, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ka shiga ƙungiyar masunta ta wurinku, ka riƙa zuwa taro, in ana maganar idon raga a ji bakinka.

Ka kula da gaɓa kamar yadda kake kula da ruwa. Itatuwan bakin tafki da aka sare aka yi banda da su, da gonakin da aka kai har leɓen ruwa, su suka sa kowace damina yashi da laka ke gangarowa suna cike Lagdo daga ƙasa. In aka haɗa da ƙarancin ruwan sama, sai a ga abin da aka gani a 2021, lokacin da tafkin ya yi ƙasa har wutar lantarki ta yi wuya a duk arewacin Kamaru. Ramin banda a buɗe yana cin ice ba kaɗan ba. Akwai murhun Cokor, wanda aka fara a Gana a 1969: ginin laka ne, a jera faifan waya a kansa hawa hawa, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Icensa kaɗan ne, kifinsa kuma ya fi kyan gani. Magini ɗaya da kafinta ɗaya sun ishe ka. In ka kafa bukka, ka dasa ko dalbejiya biyu ne a bayanta.

A kasuwa kuma, sunanka shi ne jarinka. Kifin da ya kwana a raga ya fara laushi, kada ka cusa shi ƙarƙashin kwando ka rufe da sabo. Ka riƙa duba kallinka da wuri, ka rufe kamunka daga rana, in da ƙanƙara ka sa. Matan da ke zuwa sari daga Garwa suna da dogon tunani. Wadda ka cuta sau ɗaya za ta gaya wa goma, wadda ka yi wa gaskiya kuwa ita za ta ɗauki kayanka ranar da kifi ya yi kwantai.

Ranka kuma ya fi kowane kamu, iya ruwa fidda kai. Guguwar farkon damina a Lagdo ba ta sallama. In ka ga gabas ta haɗe, iska ta ɗauke ɗif, ka bar ragar ka nemi tudu mafi kusa, raga ana sayen wata. Kututturan da ke ƙarƙashin ruwa suna fasa jirgi, musamman in ruwa ya ja baya, saboda haka kada ka yi gudu da inji a inda ba ka sani ba, balle da dare. Dorina mai ɗa ba a shiga tsakaninta da zurfi, ka ba ta hanya tun daga nesa. Ranar kasuwa kada ka yi lodin da ruwa zai kai leɓen jirgi don kwaɗayin kuɗin mutum biyu. Ka sayi rigar ruwa, in ba hali ka ɗaure jarka marar komai a kusa da kai. Kullum wani ya san inda ka nufa, wayarka kuma a cikin leda. In ka ga jini a fitsari, tsargiya ce, ka je asibiti, tana da magani, kada ka ce gadon masunta ce. Ka riƙa sauraron rediyo a Agusta da Satumba. A 2012 da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofin madatsar, ɓarnar ta taɓa mutanenmu na nan, ta bi Yola da Makurɗi har Lakwaja. Kada ka kafa ɗaki inda tsofaffin wurin suka ce ruwa ya taɓa kwana.

Ka yi hattara da bashi. Akwai iyayen gida na kirki da za su ba ka raga ko inji ka riƙa biya da kifi, da yawanmu ta haka suka tashi. Amma ka san cewa wanda ya ba ka raga shi zai yanka wa kifinka kuɗi. Kafin ka karɓa, a zauna gaban shaidu a rubuta nawa ne, a kan wane farashi za a riƙa cira, da abin da zai faru a watannin da aka rufe ruwa. Mafi yawan waɗanda ka ga suna satar shiga a Agusta ba mugunta ce ta kai su ba, mai bin bashi ne a ƙofa. Gara ka shekara biyu da filafili jirgin naka ne, da ka hau inji kana yi wa wani bauta.

A tsibiri za ka zauna da Musgum da Masa da Kotoko da Fulani da mutanen Mali, wani Musulmi wani Kirista. Ruwa ɗaya kuke sha, kuma ranar da jirginka ya kife ba za ka tambayi addinin mai miƙo maka filafili ba. Kada ka ɗaga ragar wani ko da ka ga kifi na motsi a ciki. Kada ka shimfiɗa taka a kan tasa. In rigima ta taso, a kai gaban jauro ko sarkin ruwa tun tana ƙarama. Ka yanki takardar izininka, ka riƙe ta a jikinka, mai takarda ba ya raɓe-raɓe. In Allah ya ba ka 'ya'ya, ka koya musu ruwa a lokacin hutu, amma kada jirgi ya hana su allo da boko. Tafkin nan ba zai ɗauki dukan jikokinmu ba, dole wasu su ci abinci a tudu.

Wannan shi ne ɗan guzurin da nake da shi. Ranar 1 ga Oktoba, in Allah ya kai mu, ka shiga da bisimilla, da raga mai faɗin ido, da niyyar cewa mai ƙwai da ƙarami da babbar uwa ba naka ba ne. In sa'anninka sun yi maka dariya, ka ƙyale su, ka ja ɗaya ko biyu daga cikinsu zuwa ga hanyarka. Allah ya tsare ka daga sharrin ruwa da na iska, ya sa albarka a cikin abin da za ka kama, ya ba ka haƙurin barin abin da ya kamata a bari. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka, daga Garwa.